Mai Alli da Motar da Ta Hana Miji Jin Matarsa

Ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun Baba Mai Alli a gida ba. Kafin lokacin ya riga ya ɗage ƙofar garejinsa, ƙofar nan ta kwano da sai an sa mata kafaɗa take yarda ta tashi, ya share wurin, ya jera sifanu a kan buhu daga ƙarama zuwa babba. Sai ya jawo tsohon gwangwanin madara da yake ajiye alli a ciki, ya zaɓi guda, ya maƙala a bayan kunne. Daga nan sunan ya samo asali, kuma ban san mutum uku a layin da za su iya faɗin sunansa na yanka ba. Shayinsa kuwa a kan jak ɗin ɗaga mota yake hucewa kullum, don da ya zauna zai kurɓa wani zai turo mota.

Ba ya taɓa injin, ba ya lantarki, ba ya fenti. Shi mutumin ƙarƙashin mota ne: giyabos, farfela, da aksil ɗin baya, wannan tulun ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, wanda yawancinmu ba mu san akwai haƙora a cikinsa ba sai ranar da suka fara kuka. Shekara arba'in da ɗaya ya yi kwance a kan kwali yana kallon cikin motocin mutane. A wannan watan ya ce ya isa haka, gwiwa ta ƙi, kunne ya yi nauyi. Babu wanda zai haɗa masa taro ko ya rataya masa lambar yabo, shi ya sa na ce bari ni in faɗi abin da na sani.

Duk wanda ya taɓa kai masa mota ya san tambayoyinsa guda uku, kuma sai ka amsa su kafin ya durƙusa. Me kake ɗauka? Wace hanya kake bi? Wa ke zama a gefenka? Ta ukun nan ita ce take ba mutane dariya, har wasu su ce tsohon nan bakanike ne ko ɗan sanda. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce motar mai kai yara makaranta daban, ta mai dakon yashi daban, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya.

Mai Faci, maƙwabcinsa da suka haɗa bango shekara ashirin, shi ya ba ni labarin wani mutum da ya zo a fusace, wai motarsa tana ihu a babban titi, a sauke giyabos a duba. Baba ya shiga gaba ya zauna, ya ce mu je in ji. Suka hau titi, mutumin ya sa giya ta huɗu ya miƙe. Baba ya jira, ya jira, da ya ga babu alamar canji sai ya kama hannun mutumin tare da sandar giyar ya tura su gefe ya yi sama. Mota ta yi lakwas. Ashe lambobin da ke kan sandar sun goge tun kafin ya saye ta, bawan Allah ya shekara guda bai san yana da giya ta biyar ba. Baba ya zana masa biyar da alli a jikin dashbod, ya ce ya sauka lafiya. Mai Faci ya ce wani bakaniken da sai ya riƙe motar kwana uku ya warwatsa ta.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda yayata.

Yaya malamar firamare ce, shekara ashirin da takwas tana gaban allo. Murya Allah ya ba ta, wadda idan ta ce "a yi shiru" a aji uku, 'yan aji biyar ma sai su nutsu. Ni da na tashi a hannunta na fi kowa sanin ta, don daga bakin layi nake jin ana nemana. Sai ciwo ya kama ta a maƙogwaro, aka yi mata aiki, muryar nan ta tafi ta bar raɗa, raɗar ma sai ka matso da kunne. A gida akwai littafi da biro a gefenta, abin da ya ƙi fita ta rubuta. Likita ya ce sau biyu a mako za a riƙa kai ta babban asibiti, tafiyar awa biyu da rabi a kan kwalta.

Mijinta, Mai Bulo, mutum ne mai faɗin kafaɗa da gajeren haƙuri, amma a kan Yaya ba ya wasa. Mota ɗaya ce a gidan, a-kori-kurar da yake kai wa masu gini bulo. A hannun wani mai fasa dutse ya saye ta, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar ƙarfinta. Idan na ce masa jakarsa, wato motar, ta tsufa sai ya ce in zo in ɗora mata gidanmu in gani. Na nemo aron ƙaramar mota wajen abokina, Yaya ta ƙi. Ta rubuta cewa bayan magani amai take yi a hanya, ba za ta yi shi a motar wani ba, kuma ba ta son idon kowa sai na mijinta.

A cikin gari motar nan lafiya lau take. Amma da an hau babban titi, gudu ya kai tamanin zuwa casa'in, sai allurar da ke nuna juyin injin ta haura dubu uku da ɗari biyar ta tsaya can. Injin ya riƙa kururuwa, kujera tana rawa, madubi yana karkarwa. Mai lafiyar murya ma sai ya ɗaga ta. Yaya tana magana, Mai Bulo yana ganin leɓenta na motsi ta gefen ido, ba ya jin komai. Ba zai iya karanta littafi yana tuƙi ba, kuma kunya yake ji ya riƙa cewa "me kika ce" ga matar da kowace kalma ciwo take yi mata. Sai ya ɗauki wata dabara: idan ya ga bakinta ya motsa ya ce "haka ne", idan ya sake motsawa ya ce "madalla". Wata biyar suna haka.

Wata ranar Alhamis ina gidan suka dawo. Yaya ta shige ɗaki ba ta kalli kowa ba. Can ta fito ta ajiye littafin a cinyar mijinta ta koma. Ina kusa da shi, na ga rubutun, irin manyan baƙaƙen nan nata na allo: "Abin da na ce maka a hanya shi ne ina jin tsoro. Ka ce madalla."

Wallahi ban taɓa ganin ƙaton mutum ya ƙanƙance kamar yadda Mai Bulo ya yi a ranar ba. Ya riƙe littafin ya kasa rufewa. 

Washegari ya tafi tasha neman shawara, kuma tasha ba ta rasa masu ba da ita. Aka ce masa ai abu mai sauƙi ne, ya sa manyan tayoyi, tun da babbar taya ta fi cin ƙasa a juyi ɗaya, injin zai huta. Maganar akwai gaskiya a ciki, sai dai ba su faɗa masa sauran ba. Ya samo na wata babbar mota, masu kauri da manyan zane, ya kai wa Mai Faci ya ɗaura. Injin ya ɗan sassauta, amma tayoyin suka kama nasu gurnanin a kan kwalta, ga su suna gugar bodi duk ramin da aka faɗa. Mafi muni, allurar gudu ta koma maƙaryaciya: tana nuna casa'in, mota tana cin ɗari da wani abu, birki kuma ya yi sanyi. A wata mahaɗa wata tirela ta rage gudu a gabansu, ya taka birki, mota ta ci gaba da tafiya kamar ba da ita ake ba, sai da ya sauka gefen titi. Yaya ta dafe dashbod da hannu biyu, ko ihun da za ta yi babu.

Da ya koma wa Mai Faci da faɗa, shi kuma ya ce masa ai ka kawo na ɗaura, ba ka tambaye ni ba, ga ƙofar da ya kamata ka fara shiga nan kusa.

Ranar tare da Yaya suka je wajen Baba, ni ma na bi su. Baba ya zagaya motar, ya shafa inda taya ta cinye fenti. Sai tambayoyi, Mai Bulo yana amsawa. Bulo nake ɗauka. Da cikin gari nake bi, yanzu babban titi sau biyu a mako. Da aka zo ta uku, sai Mai Bulo ya nuna gaban motar da hannu. Baba ya taka ya je ya gaishe ta ta taga. Ta amsa, bai ji ba. Ya sunkuyo, ta maimaita, bai ji ba. Sai ya miƙe yana murmushi.

"Malama, ni da ke mun dace," in ji shi. "Ke babu murya, ni babu kunne. Sauko ki zauna, yau ke ce mai duba aikina."

Yaya ta yi dariya, irin wadda kafaɗa ce kawai ke nunawa. Rabon da in ga haka tun kafin aikin.

Abu na farko, ya sa aka kwance tayoyin aro aka mayar da nata na asali. Sannan ya ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, ya cire allin kunnensa, ya ja layi a jikin tayar, ya shiga ƙasa ya ja wani a jikin farfela, sandar nan da ke kawo juyi daga giyabos zuwa baya. Ya ce Mai Bulo ya juya tayar da hannu sau biyu cif, don idan ɗayar tana ƙasa sai an yi biyu lissafi yake fita daidai, kuma a nan ne masu gaggawa suke ɓata. Ya ajiye wa Yaya benci inda za ta hango layin farfelar, ya ce ta ƙirga sau nawa zai wuce. Mai Bulo ya durƙusa yana juyawa, Yaya tana lanƙwasa yatsu. Da aka tsaya ta ɗaga hannu ɗaya a buɗe, sannan ta nuna ɗan kaɗan da yatsa biyu.

Biyar da 'yar ɗoriya. Baba ya ce to ga ciwon nan, injin lafiyarsa ƙalau. An yi wa motar haƙoran hawa daga ramin dutse da kaya, sai farfela ta juya sau biyar kafin tayoyi su juya sau ɗaya. Kamar mutum ne mai gajeren taku aka ce ya bi dogo a guje, dole ya yi haki. Idan aka sa mata haƙoran da za su mayar da biyar ɗin huɗu, injin zai sauke murya a kan titi. Mai Bulo ya washe baki ya ce a yi yau. Baba ya ɗaga masa hannu, ya tambaye shi bulo nawa yake ɗora mata. Ya ce sittin, yana wani ɗaga kai.

"Daga ranar da na taɓa ta, arba'in da biyar," in ji Baba. "Inda kake sawu uku za ka yi huɗu. Hawan nan na bayan gada da take cinyewa tana wasa, sai ka lallaɓa ta da giya ta ɗaya. In ka ƙara mata ko biyar kuloci zai ƙone, kada ka zo min nan. Ƙarfin da kake taƙama da shi, shi ne kukan. Ba zan iya bar maka ɗaya in cire ɗaya ba. Ka je ka yi tunani."

Na san abin da motar nan take a wajen Mai Bulo. A gaban abokan sana'arsa da ita yake baki, kuma sawu na huɗu yana nufin tashi da wuri da dawowa a gajiye ga mutumin da ya ba hamsin baya. Ya dubi motar, ya dubi Yaya a kan benci tana goge ƙurar alli da ta taɓa mata mayafi. Ya ce babu wani tunani, a yi.

Kai ne, Baba, ka kwana tara kana yawo a wuraren masu sayar da tsofaffin kayan mota da gwiwar nan taka. Haƙora arba'in da ɗaya a babban faifai, goma a ƙaramin, su kake nema, don nata na da takwas ne a ƙaramin. Kai ne kake tsugunawa cikin tarkace kana ɗiga alli a haƙori ɗaya don kada ƙirga ta ɓace maka. Sau biyu aka haɗo maka babba daga wata mota, ƙarami daga wata, aka rantse maka ɗaya ne, ka ajiye ka yi gaba, don ka san waɗanda ba a ƙera tare ba sai sun ci juna. Ba ka taɓa gaya mana wannan yawon ba. A bakin Mai Faci muka ji, shi da ka bar wa jiran gareji.

Da aka samu, ɗaurawar ma wani aikin ne. Yakan shafa jan fenti a haƙoran, ya haɗa, ya juya, ya buɗe ya duba inda fentin ya goge. Idan gogewar ta yi sama ko ta yi ƙasa, sai ya ƙara siririyar washa, ɗan zoben ƙarfe, ko ya rage, ya sake haɗawa. Sau huɗu ya buɗe tulun nan. A na uku Mai Bulo ya fara tsuma, ga Alhamis ta matso, ya ce ai ya yi haka nan. Baba ya ce masa in ya bar shi haka, ya kashe kukan gaba ne ya tayar da na baya, kuma wanda ya zo nema ba zai samu ba. Da yake kunnen ya daina yi masa aiki, sai ya sa aka ɗaga bayan motar duka aka tayar da ita, ya dafa bakin doguwar sukudireba a jikin aksil, ya danna ƙotar a ƙashin muƙamuƙinsa, ya lumshe ido. Ta ƙashi yake saurare. A na huɗu ya buɗe ido ya gyaɗa kai. Bai bar motar ta fita ba sai da ya canza ɗan ƙaramin giyar roba da ke juya allurar gudu, ya ce ba zai mayar wa mutum mota tana yi masa ƙarya ba.

Abin da ya faru ranar Alhamis, Mai Bulo ne ya ba ni da bakinsa, kuma sai da ya tsaya sau biyu kafin ya kai ƙarshe. Ya ce sun fita gari, ya hau titi, ya sa giyar ƙarshe yana jiran ihun da ya saba. Gudu ya kai casa'in, allurar injin ta tsaya ƙasa da dubu uku. Madubi ya daina rawa. Har ƙarar 'yan makullan da ke lilo yana ji, abin da bai taɓa sanin suna yi ba. Ya kasa kallonta, don tsoro yake kada bayan duk wannan ta yi magana ya sake rasa ta. Sun yi tafiya mai nisa a haka. Sai ya ji, can ƙasa-ƙasa:

"Malam, hularka a karkace take."

Ya kai hannu ya gyara. Ya ce sai da ya gyara sannan ya gane abin da ya faru. Ita ma ta gane, don ta juyo gaba ɗaya tana kallonsa. Sannan ta ce, "Har yanzu ina jin tsoro."

"Na ji ki, Malama," ya ce. "Ni ma ina ji. Tun ranar farko."

Ya ce bai tsaya ba, don kada su makara, amma ya tuƙa sauran hanyar yana share ido da bayan hannu, ita kuma ta yi ta magana, a hankali, tana hutawa tana ci gaba. Abin wata biyar ne ya taru. Ta gaya masa abin da take so a yi wa yara idan abin bai yi kyau ba, da abin da take so su yi tare idan ya yi, ta kuma gaya masa cewa waƙar da yake yi a hanya yana zaton ba ta ji, tana ji, kuma ba ya iyawa.

Yaya tana nan, ana ci gaba da magani, yanzu sau ɗaya a wata. Likitoci ba su ce an gama ba, mu ma ba mu ce ba. Mai Bulo yana sawunsa huɗu, abokansa suna yi masa tsiya wai jakarsa ta zama ta 'yan gayu, yana ba su amsa daidai da su. Hawan bayan gada kuwa da giya ta ɗaya yake yin sa, bulo arba'in da biyar, ko ɗaya bai taɓa ƙarawa ba.

A makon jiya muka je yi wa Baba sallama, yana tattara sifanunsa cikin buhu. Yaya ta kawo masa kwalin alli cikakke, cikin waɗanda suka rage mata na aji. Ta matsa kusa ta yi masa godiya, ya sunkuyo, ya karkata kunne, bai ji ba. Ta sake, bai ji ba. Sai ta miƙa hannu ta zare allin da ke bayan kunnensa, ta juya ga ƙofar kwanon nan, ta rubuta da hannunta na malamai: "Na gode, Baba. Yana jina yanzu." Tsohon ya karanta, sannan ya ce rubutun ya fi nasa kyau, ya shige ciki wai zai ɗauko wani abu.

Baba Mai Alli, na ƙarƙashin mota, mai ƙirga kafin ya kwance, mun gode. Mun gode da kwana taran nan, da buɗewa ta huɗu, da gaskiyar da ka faɗa wa mijin yayata tun kafin ka taɓa noti ɗaya. Allah ya hutar da gwiwarka, ya saka maka da abin da ba mu iya ba. Ku kuma masu sana'a, kowace iri ce, ga abin koyi: kafin ku durƙusa kan aikin da aka kawo muku, ku tambayi wa ke zama a gefen mai shi.

Wanda ya karɓi garejin ya so ya yi wa ƙofar sabon fenti. Mai Faci ya ce masa ya fenta ko'ina, amma ya bar wajen rubutun.